Dakaren Da Bai Komo Ba

Ya ku 'yan makaranta, in kun buɗe littafin tarihi kun iso kan Babban Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka fara cikin 1939 aka ƙare cikin 1945, sunayen da za ku tarar 'yan kaɗan ne: Hitila na Jamus, da Musolini na Italiya, da Sarkin Ingila Joji na Shida, sai kuma manyan janar-janar da suka ja rundunoni. To, amma ku sani janar ba ya haƙa ramin ɓuya, ba ya kuwa kwana cikin taɓo rungume da bindiga. Masu yin wannan aiki su ne dakaru, watau sojan ƙasa, waɗanda ƙaraminsu a ke ce masa farabiti a bariki. Su kam littafi ba ya kiran sunansu, sai dai ya ƙidaya su, ya ce a wuri kaza an rasa mutum kaza.

Yau muna so mu ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan da a ke ƙidayawa, mu bi sawunsa tun daga gidan ubansa har kabarinsa, sa'an nan mu komo gidan mu ga abin da ya bari. Za mu kira shi ɗan Mungadi. Ba wani mutum guda mu ke nufi da wannan suna ba, misali ne na samarin ƙasar Gwandu da suka tafi Yaƙin Bama ba su komo ba. Amma garuruwa da shekaru da faɗace-faɗacen da za mu ambata duk na gaskiya ne, hanyar kuwa ita ce wadda dubban irinsa suka bi.

ƘASARSA DA KAKANNINSA

Mungadi gari ne a ƙasar Gwandu, cikin yankin Maiyama, ba nisa da Jega da Aliero. Yau yana cikin Jihar Kebbi, wadda aka kafa cikin 1991. A zamanin yaƙin kuwa cikin Lardin Sakkwato ya ke, Sarkin Gwandu Yahaya na zaune a Birnin Kebbi, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku na Sakkwato, dukansu biyu cikin 1938 suka hau gado. Ƙasa ce ta manoma, ga tudu na gero da dawa da wake, ga fadama ta shinkafa da albasa. Aliero ta yi suna da albasa da masu ɗori. Jega kuwa kasuwarta ta shahara tun zamanin da fatake ke saukowa da goron Gwanja da gishirin Foga.

Yaƙi ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Kusa da Jega Gimbana ta ke, inda Gobirawa suka faɗa wa jama'ar Malam Abdussalami, harin da ya ke cikin dalilan da suka sa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin 1804. Buhari ɗan Abdussalami shi ya kafa Jega bayan haka. Daga 1849, sa'ad da Yakubu Nabame ya ta da Kabawa, aka yi ta gwabzawa tsakanin Gwandu da Argungu har zuwan Turawa. Saboda haka kakan ɗan Mungadi ya san kwari da baka, ya san ganuwa, ya san gudun hari da dare. Amma shi yaƙinsa na kusa ne. Ya san abokin gabansa, yana jin harshensa, ya kuma san abin da ya haɗa su. In ya faɗi, cikin 'yan kwanaki labari ya iso gida, har a sami wanda zai ce da idonsa ya ga inda aka binne shi. Ku riƙe wannan, gama nan ne yaƙin jika ya bambanta da na kaka.

Sai Turawan Ingilishi suka zo. Cikin 1897 aka umurci Lugga ya haɗa rundunar sojan Afirka ta Yamma. Da ita aka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, da ita kuma aka rushe Satiru cikin 1906. Hafsoshinta Turawa ne, amma masu riƙe da bindigogin baƙaƙe ne, yawancinsu Hausawa da Yarabawa, cikinsu har da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu. Don haka a idon dattijan ƙasar Sakkwato aikin soja ba aikin ɗan mutunci ba ne, in an ce wane ɗan bariki ne ba yabo aka yi masa ba. Duk da haka ba a rasa masu shiga. Cikin yaƙin Jamus na farko sojan Nijeriya sun yi faɗa a Kamaru, aka kore su daga Garwa a ƙarshen Agusta 1914, suka komo suka ci ta cikin Yuni 1915, Mora kuma ta sallama cikin Fabrairu 1916. Daga nan aka kai su Afirka ta Gabas, inda suka sha wuya ƙwarai a faɗan Mahiwa cikin Oktoba 1917. Bayan wannan yaƙi da 'yan shekaru aka haifi ɗan Mungadi.

GIDAN UBANSA

Gidan da ya tashi ciki gidan gandu ne. Kun dai san yadda gandu ya ke. Uba shi ne maigida, 'ya'yansa maza, da masu aure da marasa aure, duk gonarsa su ke nomawa tun da safe har azahar, sa'an nan kowa ya wuce gayaunarsa. Shi kuwa uban shi ke ciyad da su daga rumbu, shi ke biya musu haraji, shi ke yi wa kowannensu auren fari. Gida irin wannan ƙarfinsa a yawan hannuwa ya ke, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In saurayi guda ya fita daga gandu, an rage fartanya guda, kuma za a ga gurbinta a rumbu ran da aka ɗaure damma.

Yaron ya yi karatun allo gwargwadon hali, ya iya sallarsa, amma bai shiga makarantar boko ba, gama a lokacin in ka ɗauki ƙauye guda da ƙyar ka sami yaro ɗaya da ya shiga. Yana ƙarami kasuwar duniya ta faɗi, daga 1929, kuɗin gyaɗa da auduga da fata suka karye, ga fara ta yi ta ɓarna shekara bayan shekara, haraji kuwa ba ya jiran kowa, kuma da tsabar kuɗi a ke biyansa. Wannan ya sa samarin Lardin Sakkwato suka riƙi cin rani. Da an gama kaka sai su rataya buzu su yi kudu, waɗansu ƙasar Yarabawa, waɗansu har Gwalkwas, wadda yau a ke kira Gana, su yi dako ko lebura, su komo kafin ruwan shuka da kuɗin haraji da ɗan turmin zane. Ɗan Mungadi ya san barin gida ke nan tun kafin ya san soja, sai dai tafiyar da ya saba mai ranar komowa ce.

Mu ƙaddara an yi masa aure yana da kamar shekara 20, matar ta haihu, an yanka rago. Yanzu ga mutum huɗu da rayuwarsu ke rataye da tasa: uba da ya fara manyanta, da uwa, da mata, da jinjiri a goye.

YADDA YA ZAMA SOJA

Da aka fara yaƙi cikin 1939 sai gwamnati ta buɗe ɗaukar soja. Sojan Nijeriya na farko aka kai su Afirka ta Gabas su yaƙi Italiya, suka shiga Magadishu cikin Fabrairu 1941, suka bi ta mashigin Marda har cikin Habasha. Amma babbar bukata sai cikin 1942 ta taso. Cikin Fabrairu na wannan shekara Japan ta ci Singafo, ta riga ta mamaye Malaya mai kuza da roba, ta kuma kori Ingilishi daga Bama har bakin iyakar Indiya. Nan da nan aka matsa wa Nijeriya lamba, a ba da gyaɗa, a ba da kuza, a ba da mutane.

A takarda an ce aikin soja na ganin dama ne. Gaskiya ne akwai waɗanda suka kai kansu, wani don sule guda da a ke ba farabiti kowace rana ga abinci ga tufafi, wani don bashi, wani don an hana shi yarinyar da ya ke so, wani kuwa don sha'awar kaki kawai. Dakarkarin ƙasar Zuru da Zabarmawa sun yi suna wajen shiga da kansu. Amma akwai wata hanya kuma. Razdan ya gaya wa Sarki adadin da a ke so, Sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci kuwa ya dubi gidajen garinsa. Ba safai idonsa kan faɗa gidan mai ƙarfi ba, ya fi faɗawa gidan talaka mai 'ya'ya maza da yawa. Ta wannan hanya kuma aka riƙa ɗibar mutane tilas zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, inda sanyi da cuta suka kashe da yawa. Saurayi ya kan duba ya ga in bai tafi soja ba kuza za a kai shi, ko kuwa a ɗauki ƙanensa. Da wannan lissafi da yawa suka miƙa hannu aka dangwala.

Aka auna tsawonsa da faɗin ƙirjinsa, likita ya duba shi, aka sa shi a mota, daga nan sai jirgin ƙasa, wanda ya riga ya iso Gusau, har Zariya, inda makoyar kurata ta ke tun 1924. Nan ne aka yi masa abin da ya fi kome muhimmanci ga labarinmu, shi kuwa bai ko lura ba. Akawu ya tambaye shi sunansa, ya faɗi sunansa na yanka. Aka tambaye shi garinsu. Al'adar bariki ce a ɗora wa kurtu sunan gari a maimakon sunan uba, a ce wane Sakkwato, wane Argungu, wane Gwandu. Mutumin ƙaramin gari kuwa sau da yawa ya kan ambaci babban garin da akawu zai gane. Sai aka rubuta wane Jega, aka ba shi lamba. Tun daga ran nan sunan ubansa da sunan Mungadi suka fita daga takardar gwamnati.

Ya yi watanni yana koyon fareti da harbi da sukan banati da jifan gurneti, kofur na yi masa tsawa, saje na yi wa kofur, samanja na yi wa kowa. Hausa ce harshen bariki tun zamanin Lugga, ko da ya ke cikin wannan yaƙi an matsa a koya wa soja Turanci. A ɗaki guda ya kwana da Babarbare da Bayarabe da Inyamuri da Tibi, Musulmi da Kirista da mai bin addinin kakanninsa, akushi guda su ke ci.

ƘETAREN TEKU

Cikin 1943 aka haɗa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma don yaƙin Bama, Runduna ta 81 da Runduna ta 82, da mutanen Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Kimanin mutum 90,000 aka kai can, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Alamar da Runduna ta 81 ke ɗaurawa a kafaɗa gizo-gizo ce, watau Gizon tatsuniya mai wayo. Ta Runduna ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammo. Gammon nan ba ado ba ne, gama cikin kowace runduna akwai dubban soja waɗanda aikinsu ɗaukar kaya a ka, harsashi da abinci da igwa da aka kwance gunduwa-gunduwa, a inda mota ba ta shiga, alfadari ma ya kan gaza.

Dalilin da ya sa manyan Ingila suka zaɓi mutanen Afirka ta Yamma shi ne wai sun saba da kurmi da zazzaɓi. Ku dubi wannan zato. Ɗan Mungadi ɗan fili ne, ya tashi inda mutum ke tsayawa a gona ya hangi rimin garin gaba. Bai taɓa ganin kurmin da rana ba ta ratsa shi ba, bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Zamfara da Kwara ba sai ran da aka sa shi jirgi a Ikko. Rashin sani ya fi dare duhu. Ya yi makonni a kan teku, ya sauka Indiya, aka ƙara horad da shi, sa'an nan aka nufi da shi Arakan, yankin Bama da ke bakin teku, wanda yau a ke kira Rakhine. Daga nan zuwa ƙofar gidan ubansa ya fi mil 5,000.

Runduna ta 81 ita ta riga shiga. Mutanenta suka sare hanya da adda da diga cikin duwatsu, suka gangara kwarin kogin Kaladan a farkon 1944. Ba su da hanyar samun abinci sai ta sama, jirage ke jefo musu buhuna da laima, kuma su ne babbar runduna ta farko da aka ciyar haka ɗungum. Suka kai Kyauktaw a farkon Maris, Japanawa suka zagayo ta bayansu, tilas suka ja da baya. Bataliya uku na Nijeriya kuma, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka ba Janar Winget, aka sauke su da jirgin sama can bayan abokan gaba cikin rundunar da a ke kira Chindit.

Ɗan Mungadi mu sa shi cikin Runduna ta 82, gama ita ce ta fi yawan 'yan Nijeriya, kashi biyu cikin uku na dakarunta namu ne. Cikin Disamba 1944 ta fara tafiya, ta ci Buthidaung, ta bi kwarin Kalapanzin, ta hau duwatsu ta sauka, ta gamu da Runduna ta 81, tare suka ci tsohon birnin Myohaung cikin Janairu 1945. Daga nan ta yi kudu tana bin Japanawa, ta Dalet da Tamandu da Letmauk, tana neman mashigin An, inda suka kafe suka ƙi motsi.

AJALINSA

Kada ku zaci yaƙin nan irin na daga ne, inda runduna ke fuskantar runduna a fili ana kaɗa tambura. Ƙasar Arakan tudu ne bayan tudu, duk gora ta rufe su, tsakaninsu kuwa rafuka masu cika da janyewa tare da teku. Soja na tafiya ɗaya bayan ɗaya a 'yar siririyar hanya, ba ya ganin abin da ke gabansa taki goma. Japanawa su kan haƙa rami a ƙirjin tudu, su rufe shi da gungume da ƙasa, su yi shiru har sai na gaba ya zo daf da su. Da dare kuma su kan lallaɓo su yi ta ihu da harbi don a firgita a mai da wuta su gane inda a ke. Yaƙi ɗan zamba ne, nan kuwa aka ga iyakar zambarsa.

Ga kuma abokin gaba na biyu, watau cuta: zazzaɓin sauro, da atuni, da wani mugun zazzaɓi da ƙananan ƙwarin ciyawa ke kawowa, ga matsattsaku na shan jini, ga gyambon da ba ya warkewa saboda laima. Janar Silim, wanda ya ja sojan Ingila a Bama, ya ƙididdige cewa cikin 1943 in an ɗauke mutum 1 daga fagen fama saboda rauni, an ɗauke 120 saboda ciwo. Kafin 1945 abin ya ragu ƙwarai, don an tilasta wa kowane soja haɗiyar ƙwayar maganin zazzaɓi kullum a gaban hafsa, amma bai ƙare ba. A watannin Fabrairu da Maris na 1945 kuma aka janye yawancin jiragen da ke jefa wa sojan Arakan abinci, aka mai da su tsakiyar Bama inda babban faɗa ya ke. Aka bar Runduna ta 82 tana faɗa da ƙarancin guzuri, masu rauni kuwa sai a ɗauke su a ka, kwana da kwanaki, kafin a kai bakin ruwa.

A irin wannan wuri ajalin ɗan Mungadi ya same shi. Ko harsashi ne daga cikin gora, ko ɓarin harsashin turmi, ko zazzaɓi a kan makara, ga wanda ya mutu duk ɗaya ne. Cikin wannan tafiya Runduna ta 82 ta yi hasarar mutum 2,085, da matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, babu rundunar da ta kai ta hasara a Arakan a wannan karo. Shi ɗaya ne cikin wannan adadi.

In da hali, abokansa su kan haƙa masa kabari a gefen hanya, limamin bataliya ko wani mai ɗan karatu ya yi masa salla, a nannaɗe shi da bargonsa. Kowane soja na rataye da 'yan faifai biyu a wuya masu ɗauke da lambarsa. Sai a bar ɗaya a jikinsa, a cire ɗayan a kai wa akawun kamfani, a kafa itace a kan kabarin, a ci gaba da tafiya. Cikin Mayu damina ta sauka, irin wadda a ke kwana bakwai ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, kafin shekara ta kewayo gora ta rufe wurin. Ran 3 ga Mayu 1945 aka shiga Rangun, cikin Agusta Japan ta sallama. Watanni kaɗan suka rage masa.

LABARI YA ISO GIDA

Labarin mutuwa ya bi hanyar da ɗaukar soja ta bi, sai dai a juye: daga bataliya zuwa ofishin soja a Nijeriya, daga nan zuwa Razdan, zuwa Sarki, zuwa hakimi, zuwa dagaci. Ya kan ɗauki watanni. In kuwa takarda ta ce wane Jega, sai a yi ta cigiya a Jega ba a sami mai shi ba. Gidaje da yawa ba su tabbatar ba sai cikin 1946, sa'ad da mazan jiya suka komo da akwatunansu da lambobinsu, uwa ta tsaya a bakin hanya tana duban fuskoki, har wani abokin tafiyarsa ya zo zaure ya durƙusa ya yi wa maigida gaisuwa.

Ba gawa, ba wanka, ba likkafani, ba kabarin da za a kai ziyara. A mazhabar Malikiyya kuwa ba a saba yi wa wanda ba ga gawarsa salla ba. Sai dai a shimfiɗa tabarmi a karɓi gaisuwa, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Matar ta yi takaba, wadda shari'a ta yanka wata 4 da kwana 10. Wadda aka ce mijinta ya ɓace ne, ba a ce ya mutu ba, tata ta fi wuya, gama ita ba mai miji ba, ba kuwa bazawara ba, sai ta kai ƙara alƙali ya yanka mata wa'adi. Abin da ya rage na albashinsa, in ya iso, alƙali ya raba bisa ƙa'ida: mata tumuni, tun da akwai ɗa, uba sudusi, uwa sudusi, saura na yaron. Kuɗin ba su kai su sayi shekara guda ta noman da ya kan yi ba.

Bayan takaba matar ta koma gidansu, a kwana a tashi ta yi wani aure. Yaron da an yaye shi ya zauna hannun baffansa, ya tashi ana ce masa maraya. Uban ya tsufa, gandu ya rage ƙarfi, aka bar wata gona ta koma saura. Harsashi guda da aka harba a Arakan ya sami mutum biyar, huɗu daga cikinsu suna Mungadi, ba su kuwa taɓa jin sunan Arakan ba.

ABIN DA YA RAGE

Bayan yaƙi aka bi dazuzzuka aka tono kaburburan da aka iya ganewa, aka tara da yawa a makabartar Taukkyan, arewa da Rangun. Bama yau sunanta Myanmar, Rangun kuma Yangon. A tsakiyar makabartar akwai ginshiƙai da aka rubuta sunan mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Nijeriya, kowane da sunan garin da akawu ya ɗora masa. Waɗannan ma sun fi iyayensu na yaƙin farko sa'a. Cikin 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojan Ingila da ƙasashen da ta mallaka ta bincika, ta yarda cewa a ƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, yawancinsu 'yan Afirka da Masar da Indiya, ba a rubuta sunansu a kan kome ba, gwamnatin Ingila kuma ta nemi gafara.

A gida kuwa, in kun ji an ce barikin Dalet ko Kalapanzin a Kaduna, ko Chindit a Zariya, ko Letmauk a Badun, ko Myohaung da Arakan da Tamandu da An a Ikko, ku sani sunayen wuraren da irin su ɗan Mungadi suka faɗi ne. An adana sunan daji, an bar sunan mutum. Jefi-jefi ne a ke samun na ƙasa da ya tsira da sunansa, kamar Samanja Chari Maigumeri ɗan Barno, wanda barikin Lakwaja ke amsa sunansa. Akwai kuma Isaac Fadoyebo, Bayaraben ƙasar Owo, wanda aka harbe a bakin Kaladan cikin Maris 1944, wani manomi Musulmi na can ya ɓoye shi tare da abokinsa ɗan Saliyo wajen wata tara. Duniya ta san labarinsa don abu guda: ya yi makaranta, ya komo ya rubuta shi da hannunsa. Ɗan Mungadi bai komo ba, ko da ya komo ma ba ya rubutu.

To, nan aikinku ya ke, ku da Allah ya ba alƙalami. Mazan jiyan Bama kusan duk sun ƙaura. Jinjirin nan da aka bari a goye, in yana raye, ya haura shekara 80. Da an yi hutu ku je wurin tsofaffin gidanku da na unguwarku, ku gaishe su da ladabi, ku ce, "Baba, a gidan nan akwai wanda ya tafi Bama?" In an ce akwai, ku rubuta sunansa na yanka, da sunan ubansa da na uwarsa, da unguwarsu, da sana'arsa, da shekarar da aka ɗauke shi, da yadda aka ɗauke shi, da wanda ya kawo labarin rasuwarsa, da abin da ya sami matarsa da 'ya'yansa. Ku tambaya ko akwai tsohuwar takarda ko lambar yaƙi a ƙasan adaka, gama lambarsa ta soja ita ce mabuɗi, da ita a kan iya nemo sunansa cikin rajistar hukumar kaburbura, wadda yau ta ke a buɗe ga kowa a intanet. Ku kai wa malaminku abin da kuka samo, a tara na aji duka cikin littafi guda, a karanta sunayen ran 15 ga Janairu, ranar da Nijeriya ke tunawa da sojanta. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma babu Baturen da zai zo daga London ya san sunan uwar ɗan Mungadi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a ƙasar da ba tasu ba, ya ba zuriyarsu albarka, ya kiyashe mu da ganin irin wannan yaƙi. Amin.